Ko Ka Sani? Na'urar da ta Kayar da Zakaran Dara na Duniya

Deep Blue kwamfuta ce da kamfanin IBM ya ƙera don aiki ɗaya tak, wato buga darar ces, wadda ake yi a kan allo mai gidaje 64 da 'ya'ya 32. A watan Mayun 1997, a birnin New York na Amurka, ta kayar da Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, da maki uku da rabi, shi yana da biyu da rabi. A karawarsu ta 1996 kuwa shi ya yi nasara, 4 da 2.

Ƙarfin na'urar a hangen gaba yake. A tsakiyar wasa, ɗan dara yana da zaɓin taku kamar 30, kowane taku kuma abokin karawa yana da martani kamar 30. Kafin kowannensu ya yi taku uku, hanyoyin sun haura miliyan 700. Deep Blue tana duba yanayin allo miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, don haka wannan aikin daƙiƙa huɗu ne a wurinta. Amma da an ƙara wa kowa taku ɗaya, sai ya koma aikin kusan awa guda, alhali minti uku ne rabon kowane taku a gasa. Sauri kaɗai ba zai kai ta ba.

Dabarar da ta fisshe ta ita ce sare rassa. Idan ta riga ta sami takun da ba ya jawo asara, sai ta gwada wani ta ga akwai martani ɗaya da zai cinye mata sarauniya a banza, nan take take watsar da shi, ba ta ɓata lokaci kan sauran martanin. Inda hangenta ya tsaya, sai ta auna allon da ma'auni: soja maki ɗaya, doki uku, sarauniya tara, tare da duba tsaron sarki da 'yancin motsin 'ya'ya. Nan gwanaye irin su Joel Benjamin suka sa hannu, kuma wannan ɓangaren ya cancanci yabo fiye da yadda ake ba shi. Akwai tarko a wurin tsayawar. Na'ura tana iya ganin ta ci doki, alhali taku ɗaya a gaba za a cinye mata sarauniya. Shi ya sa idan ana cikin musayar ci, takan bi layin har ƙura ta lafa.

Mutum ba haka yake yi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Adriaan de Groot, ɗan ƙasar Holan, ya nuna a bincikensa na 1946 cewa manyan gwanaye ba su fi na ƙasa da su zurfafa lissafi sosai ba. Idonsu ne ke faɗawa kan taku biyu ko uku masu kyau tun kallon farko, saboda ɗimbin fasalin allo da suka saba gani.

Wannan bambancin ne ya rikita Kasparov a wasa na biyu na 1997, da na'urar ta ƙi cin soja, ta zaɓi takun da ya toshe masa hanya, kamar yadda gwanin mutum zai yi. Ya yi zargin akwai hannun mutum, IBM ta musanta. Ya nemi a sake karawa, kamfanin bai yarda ba, aka yi wa na'urar ritaya. Wani sashenta yana gidan tarihin Smithsonian da ke Washington.