'Ya'yan Mishan da Aka Goya a Ƙasar Hausa

A Garhanga, idan ciwo ya ƙi jin saiwa da rubutu, ya kuma gagari likitan gari, magana ɗaya ake yi: sai asibitin Galmi. A nemi mota, a bi ta Buza, a gangara Madawa, a hau kwalta a yi yamma. Dattawan da suka yi jinya a can shekarun baya sukan dawo da labari biyu ban da na allura da fiɗa. Na farko, ƙaramin jirgin sama da ke tayar da ƙura idan ya sauka kusa da asibitin. Na biyu, 'ya'yan nasara masu jan kunne, suna yawo ba takalmi, suna gaida mutane da Hausar da ba ta da gargada. Jirgin dai an san wurin zuwansa, Yamai ko Jos. Yaran ne ba a cika tambayar inda suka ƙare ba.

Sukan ƙare ne a shafin ta'aziyya na ƙananan jaridun Amurka da Kanada, inda iyali ke taƙaita rayuwar mamaci cikin 'yan layuka. Akan ce wane ɗan mishan ne, an haife shi a Afirka ta Yamma, ya yi tuƙin jirgin sama a rundunar sojan ruwa, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Wannan "Afirka ta Yamma" da aka wuce da ita cikin kalma uku, wani lokaci Kano ce, ko Jos, ko Tsibiri, ko Galmin albasa.

Wanda ya fi shahara cikin masu irin wannan tarihi ba a ƙasarmu aka haife shi ba. Sunansa David Lee Hill, amma da laƙabin Tex aka san shi. An haife shi a 1915 a Gwangju ta ƙasar Koriya, inda iyayensa ke aikin mishan, aka koma da shi Amurka yana ƙarami, ya tashi a Texas inda mahaifinsa ya zama limamin coci a birnin San Antonio. A 1939 ya kammala koyon tuƙi a Pensacola, makarantar matuƙan sojan ruwan Amurka da ke jihar Florida, ya yi aiki a kan manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi irin su Saratoga da Ranger. A 1941 ya ajiye kakin sojan ruwa ya bi Claire Chennault, wanda ya tara 'yan sa-kai don taya Sin yaƙi da Japan, waɗanda suka zana bakin kifi mai haƙora a hancin jiragensu. Ya yi aure a 1943, kuma da matar nan tasa Mazie ya zauna har ranar 11 ga Oktoba 2007 da ya rasu yana da shekara 92.

Mutumin Adar da bai taɓa ganin teku ba zai iya cewa, to me ya haɗa sojan ruwa da jirgin sama? Abin da ya haɗa su shi ne wani jirgin ruwa da aka shimfiɗe bayansa ya zama filin sauka. Irin na yau tsawonsa ya haura mita 300, amma wurin da jirgi zai taɓa ya tsaya bai kai rabin haka ba, ga shi filin kansa tafiya yake, igiyar ruwa na ɗaga shi tana sauke shi. Birki kaɗai ba zai yi ba. Don haka ake gitta igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu a kan filin, jirgin kuma yana da ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya. Matuƙi zai taho da gudun kusan kilomita 240 a awa, ƙugiya ta cafki igiya ɗaya, cikin daƙiƙa biyu ya tsaya cak. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da tayoyi sun taɓa ƙasa, matuƙin ba ya sassauta wuta, ƙara ta yake yi har ƙarshe. Dalili kuwa, idan ƙugiyar ta kuskure, yana da ƙarfin sake tashi, ba ya zarce cikin ruwa ba.

Wanda hannunsa ya faɗa a irin wannan sauka, ɗan filin jan ƙasa a daji, mai awaki a gefe da hazon hunturu a sama, ba zai tsorata shi ba. Shi ya sa bayan Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan soja suka kwararo aikin mishan. A 1945 wani matuƙin sojan ruwa, Jim Truxton, da abokansa suka kafa ƙungiyar da yau ake kira MAF, don jigilar 'yan mishan da marasa lafiya da magani zuwa inda mota ba ta kaiwa. Mace ce ma ta yi musu tashin farko a 1946, Betty Greene, wadda daga baya ta yi aiki a Najeriya da Sudan. Ita kuwa ƙungiyar mishan ta SIM, mai asibitin Galmi, ta kafa nata sashen jirage. Yaron da ya tashi yana jiran ƙarar ɗan jirgin nan, saboda shi ke kawo wasiƙa, shi ke kai shi makaranta, shi kuma ke dawo da shi hutu, ba abin mamaki ba ne idan ya girma ba shi da buri sai tuƙi. Soja kuma ke koyar da tuƙin ba tare da an biya ko dala ba.

Kai shi makaranta ɗin nan shi ne wurin da labarin ke da ɗaci. SIM ta faro ne a 1893, lokacin da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Cikin kusan shekara guda ciwo ya kashe biyu, Bingham kaɗai ya tsira. A 1924 ƙungiyar ta shigo Nijar ta Damagaram, daga nan Tsibiri kusa da Maraɗi, sai a 1950 Dokta Burt Long da matarsa Ruth suka buɗe asibitin Galmi. Ma'aikatan suna haihuwa, yara suna tasowa, babu makarantar Ingilishi a kusa, ta gwamnati kuwa da Faransanci ake karatu. Mafita ita ce makarantar kwana a tudun Jos: Hillcrest da aka buɗe a 1942, da Kent Academy ta Miango wadda aka raɗa wa sunan marigayi Thomas Kent. Yaro ɗan shekara shida za a haɗa masa akwati, a ɗora shi a jirgi, ba zai sake ganin uwarsa ba sai bayan watanni. Sai a 1986 aka buɗe Sahel Academy a Yamai, tafiyar ta ɗan ragu.

Mu da muke tura ƙananan yara gabas neman karatun allo, ba mu da bakin yi wa kowa gori a nan. Iyayen biyu duk sun yi imani cewa don Allah suke rabuwa da ɗan. Kukan daren farko kuwa iri ɗaya ne, ko a kan tabarma a zauren malam, ko a kan gadon ƙarfe a Miango.

Wadda ta fi kowa tona wannan ciwo 'yar Kano ce ta haihuwa. Ruth Van Reken, an haife ta a can a 1945, iyayenta ma'aikatan SIM, ta bar Najeriya tana da shekara 13. A 1999 ita da David Pollock suka fitar da littafi a kan waɗanda suka kira yaran al'ada ta uku, wato waɗanda ba su zama 'yan ƙasar iyayensu sosai ba, ba su kuma zama 'yan ƙasar da suka tashi ba. Sun nuna cewa irin wannan yaro yana da saurin sabo da baƙon wuri da saurin kama harshe, amma yana ɗauke da rashe-rashen da ba a yi masa zaman makokinsu ba: abokin wasa, gida, itacen da yake hawa, ƙanshin tuwo. Ranar da aka ce a koma "gida", shi gidansa ne ya bari. Idan na karanta cewa wani cikinsu ya riƙe mace ɗaya shekara hamsin, bai yarda ya yi nesa da 'ya'yansa ba bayan ya bar soja, ina ganin wannan ya fi saukar dare a kan teku wuya, tunda bai tashi yana ganin yadda ake yi ba.

Akwai kuma waɗanda shafin ta'aziyya ba ya ambata ko kaɗan. Uwar tana ɗakin haihuwa tana karɓar jarirai, uban yana ɗakin fiɗa, to wa ke riƙe da yaron? Wata baiwar Allah ce daga cikin gari ta ɗaure shi da zane a baya, ta ɗura masa koko, ta yi masa tawai, daga bakinta ya fara jin "bari" da "zo nan". Kuku ne ya ɓoye masa ƙosai, mai gadi ya koya masa ɗana tarko. Rahotannin mishan sun adana sunan likita da shekarar zuwansa da adadin gadajen asibiti, amma da wuya ka ga cikakken sunan uwar goyo. A wurinmu kuwa goyo dangantaka ce. Wanda ka goya ɗanka ne, ko ya zama janar.

Yanzu zamanin ya juya. Tun da 'yan bindiga suka sace Jeffery Woodke a Abalak a Oktoban 2016, aka riƙe shi har Maris na 2023, zaman nasara da iyalinsa a karkarar jihar Tawa ya zama abin lissafi, ba a barin yara su bazu cikin gari kamar da. Waɗanda aka goya a shekarun 1950 sun tsufa, wasu sun haura saba'in, suna can Carolina ko Ontario, wasunsu har yau idan suka yi tuntuɓe da Hausa suke cewa "wayyo". Matan da suka goya su, waɗanda suka rage, suna Galmi da Tsibiri da Danja, kuma idan ka zauna da su za su faɗa maka sunan da suka raɗa wa kowane yaro, da abincin da yake ƙi, da ranar da jirgi ya tafi da shi.