Maido da Loɓa Ba Tare da Tiyata Ba: Hannu ko Na'ura?

A Amurka, inda aka saba yi wa jarirai kaciya a asibiti, akwai mazan da suka girma suna neman fatar da aka cire musu. A 1989 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar NORM a San Faransisko, a 1992 kuma Jim Bigelow ya fitar da littafi kan lamarin. Dabararsu ita ce wadda likitoci ke amfani da ita wajen samar da fata ga wanda ya ƙone: idan aka riƙa jan fata a hankali na tsawon lokaci, sababbin ƙwayoyin halitta kan tsiro, ta ƙara tsawo.

Hanya ta farko da hannu ake yi. Mutum ya ja fatar gabansa na 'yan mintoci, sau da yawa a yini. Ba ya kashe ko sisi, kuma yatsa na jin abin da yake yi. Da zarar zafi ya fara, sai ya saki. Matsalarta ɗan Adam ne. Aiki ne na shekaru, ga mantuwa, ga neman wurin keɓewa, don haka da yawa kan gaji tun ba a je ko'ina ba.

Na'ura ta fi ta a nan. Akwai mai amfani da filasta da igiyar roba da ake ɗaurawa a ƙafa, akwai mai rataya nauyi, akwai kuma irin su TLC Tugger da DTR masu riƙe fatar suna ja a ƙarƙashin tufafi yayin da mutum ke harkarsa. Awanni ke taruwa ba tare da ya tuna ba. Sai dai ƙarfe da roba ba su san zafi ba. Idan matsi ya yi yawa, sai jini ya tsaya, fata ta tsage ko ta kumbura, musamman ga wanda ya kwanta barci da ita. Kuma wanda kaciyarsa ta matse sosai ba shi da fatar da yawancin na'urori za su kama, sau da yawa da hannu yake farawa.

A ganina hannu ya fi aminci, na'ura ta fi sauri, shi ya sa masu daɗewa a harkar kan haɗa su. Amma duka biyun fata kawai suke ƙarawa ta rufe kan gaba. Jijiyoyin da aska ta ɗauke ba sa dawowa.