Bugum Cugu: bikin wuta na Dagombawan Gana

Masu sauraronmu da ke fatauci zuwa Tamale ko Yendi, a arewacin Gana, wataƙila kun taɓa cin karo da wani dare da gari ke cika da mutane riƙe da damin ciyawa yana ci da wuta, ana kiɗa ana waƙa. To, shi ne Bugum Cugu. A harshen Dagombawa, bugum na nufin wuta.

Ana yin shi daren 9 ga watan Bugum, wato Muharram, lokacin da mu nan muke shirin cika-ciki. Sarki ke fara kunna nasa damin, jama'a su bi, a tafi bayan gari a jefa wutar kan wani icce.

Dattawansu sun ce ɗan wani sarki ne ya ɓace, aka fita nemansa cikin dare da wuta, aka iske shi yana kwana gindin icce. Wasu kuma na danganta bikin da saukar jirgin Annabi Nuhu.

Don haka kada baƙo ya yi saurin cewa bautar wuta ce, domin yawancin Dagombawa musulmi ne. Tambaya ta fi zato. In kun halarta, ku yi nesa da wutar, ku riƙe yaranku.