Amurka: Sanyin ƙarshen kaka da ke shiga gona ya fito a kasuwa

A nan ƙasarmu, idan watan Nuwamba ya kama, jaura ta fara kaɗawa, masu saida barguna da rigunan sanyi su ke murna, masu shayi da ƙosai kuma ciniki ya buɗe. Duk da haka sanyin Maraɗi ko Damagaram bai cika sauka ƙasa da digiri 12 ba da asuba. A filayen arewacin Amurka kuwa, wato jihohin Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Montana da yammacin Minesota, sanyin ƙarshen kaka kan daskarar da ƙasa cikin dare guda, kuma wani lokaci yakan shafi farashin da za a saida sukari, dankali da nama.

Dalilin wannan sanyi yana cikin shimfiɗar ƙasar. Fili ne fetal daga Kanada har zuwa kudu, manyan duwatsun Roki kuma sun miƙe ne daga arewa zuwa kudu, don haka babu abin da ke tare iskar da ta taso daga ƙuryar arewacin duniya. Akwai wata guguwa mai sauri da ke tasowa daga lardin Albarta na Kanada. Saboda ta taso nesa da teku, ba ta ɗauke da laima mai yawa, dusar ƙanƙarar da take zubarwa ƴar kaɗan ce, santimita 3 zuwa 8 galibi. Amma a bayanta iska mai ƙarfi ke biyowa, sanyi ya faɗi ƙasa da sifiri.

Wannan ƴar dusa ba abin rainawa ba ce. Busasshiya ce kamar garin gero, iska kan kwashe ta daga ƙasa ta turnuƙe hanya, yadda ƙurar hunturu ke rufe hanyar Tawa zuwa Agadas. Direban babbar mota ba ya ganin gabansa, kwalta kuma ta yi santsi. Idan abin ya yi tsanani hukuma na rufe manyan hanyoyi, kaya su kwana a tasha.

Manoman can suna tseren kammala girbi kafin ƙasa ta daskare. A kwarin kogin da ake kira Jan Kogi, tsakanin Minesota da Dakota ta Arewa, ake noman betarab na sukari fiye da ko'ina a Amurka. Saiwa ce fara, babba, kuma fiye da rabin sukarin da Amurka ke yi daga ita ake samun sa, sauran daga rake. Abin mamaki, sanyi abokin wannan sana'a ne idan ya zo kan lokaci: ana tara betarab tsibi-tsibi a fili, a hura masa iska mai sanyi da fankoki har ya daskare, masana'anta ta yi ta ɗiba har bazara. Amma idan ya daskare tun yana cikin ƙasa, sannan ya narke, ruɓewa yake yi.

Haka ta faru a shekarar 2019. An yi ruwan sama mai yawa a kaka, gonaki suka zama taɓo, injuna suka kasa shiga. A watan Oktoba dusar ƙanƙara ta rufe Dakota ta Arewa, farkon Nuwamba kuma sanyi mai tsanani ya sauka. Kamfanin American Crystal Sugar, wanda mallakar manoman ne da kansu, ya tsaida girbi, aka bar kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakinsa ba a tona ba. Masu saida sukari suka kasa cika alkawarin da suka yi wa masu yin biskit da alewa, farashi ya hau, sai da gwamnati ta ƙara yawan sukarin da ake shigowa da shi daga waje, musamman daga Meziko. Dankalin Turawa mai yawa ya lalace a ƙasa. Masara kuwa, manoma da dama sun bar ta tsaye a gona har shekara ta juya zuwa 2020, domin ba ta bushe ba, ga iskar gas ɗin da ake busar da ita ta yi ƙaranci.

Makiyaya ma suna da nasu tabon. A farkon Oktoba na 2013, a yammacin Dakota ta Kudu, an fara da ruwan sama mai sanyi, sannan dusa da iska. Shanu na can makiyayar damina, gashin sanyi bai fito musu ba tukuna. Ruwa ya jiƙa su, iska ta daskarar da su, dubun-dubata suka mutu, daidai lokacin da ake shirin kai maruƙa kasuwa. Tun kafin nan, ranar 11 ga Nuwamba 1940, gari ya waye da ɗumi a Minesota da maƙwabtanta, mutane suka fita da riguna marasa kauri, kafin dare guguwa ta rufe su. Mutum kusan 150 suka rasu, talo-talo fiye da miliyan ɗaya da aka yi kiwo don bikin ƙarshen Nuwamba suka mutu.

Sai dai ba kullum dusar ke zama musiba ba. Masu shuka alkama da kaka a Montana da Dakota ta Kudu roƙonta suke yi, domin idan ta kwanta kan gona tana zame wa tsiron bargo, ta kare shi daga iska, idan ta narke kuma ta shayar da ƙasa. Abin da suke tsoro shi ne sanyi ya sauka gona tana tsirara. Dakota ta Arewa ita ce kan gaba a Amurka wajen alkamar da ake yin taliya da ita, maƙwabciyarmu Najeriya kuma ta daɗe cikin manyan masu sayen alkamar Amurka a Afirka. Don haka mai saida fulawa, taliya ko burodi bai kamata ya toshe kunne ga labarin girbin can ba.

Ƴan kasuwa da ke sayen hatsi, albasa ko tattasai don ajiya za su gane wannan labari, ko da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Amfanin da ke gona ba naka ba ne sai ya shiga rumbu. Wanda ya karɓi kuɗin mutane kan buhunan da ba a girbe ba, ranar da yanayi ya juya shi ne zai nemo kaya da tsada ya cika alkawari. Hajiya mai tiya a kasuwa ta san haka tun daga ruwan ƙarshen damina da ke ɓata wake. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.