Maƙerar Matasa ta Birnin Lome

Yau hirarmu kan wata maƙera ce da babu zuga-zugi a cikinta.

Kun san Lome, babban birnin Togo, inda motocinmu ke zuwa ɗauko kaya a bakin teku. A shekara ta 2012 wani mai zanen gine-gine, Sénamé Koffi Agbodjinou, ya buɗe wani gidan koyon ƙira can, sunansa WoeLab. Ƙofa a buɗe ga ɗan lakwal da ɗan sana'a. Wanda ya iya abu sai ya koya wa na kusa da shi.

A gidan nan matasa suka harhaɗa wani inji da ake ce wa injin 3D. Aikinsa, ya narkar da zaren roba, ya dinga zuba shi layi bisa layi, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu, har abin da aka zana a kwamfuta ya fito.

Ina suka samo zanensa? A 2005 wani malamin jami'a a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara ƙera irin injin nan, ya sa zanen a intanet kyauta. Wani saurayi a ƙasar Cek, Josef Prusa, ya ɗauka ya sauƙaƙa shi. Irin na Prusa ne ya iso Lome.

To, amma kayan haɗinsa daga waje suke zuwa, ga tsada. Sai wani ɗan gidan, Afate Gnikou, ya shiga wurin ƴan bola, ya tsinto tsofaffin kwamfutoci da injunan buga takarda. Ya ciro ƙarafa da ƙananan injuna, ya sayi ƴan abubuwan da suka rage. A 2013 injinsa ya tashi, aka raɗa masa suna W.Afate.

Kun gani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da Bature ya ɓoye zanensa, da aikin bai kai Lome ba.

Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. Maƙeranmu na Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna zuba tukwane da tsohon alminiyom, suna yin fitila da gwangwani. Saboda haka, kai mai sana'a, kada ka rufe wa yara ƙofa. Kai ɗan lakwal, ranar hutu ka leƙa maƙera, ka kai musu lissafi da zane, su koya maka riƙon guduma.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.