Rediyon Da Ke Ƙetare Kogin Kaduna

Da asuba a Unguwar Boro, kafin motocin haya su cika titin Kachia, rediyo ya riga ya tashi. Yana rataye a rumfar mai shayi, yana cikin aljihun ɗan acaɓa, domin ko ƙaramar wayar hannu tana kama tasha ba sai da intanet ba, kuma ɗauke wutar lantarki ba ya hana shi magana.

Gidan rediyon da ya saba wa Arewa da wannan ɗabi'a an kafa shi ne a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da sunan BCNN. A 1978 gwamnatin soja ta mayar da shi ƙarƙashin Rediyon Tarayya, amma a bakin jama'a sunansa bai sauya ba: Rediyon Kaduna. Da shirye-shirye irin su Jakar Magori, Zaɓi Sonka da Hannu Da Yawa ya shiga zukatan manoma da fatake har cikin Nijar da Kamaru, kuma ta nan mutane da yawa suka fara jin muryar ɗan wasan kwaikwayo Samanja.

Sai dai Kadunar wancan lokacin ba ita ce ta yau ba. Bayan rikicin 2000 da na 2002, garin ya rabu gida biyu, kogi ya zama iyaka. Unguwannin kudu irin su Sabon Tasha da Unguwar Boro suka cika da Gbagyi, Bajju, Atyap, Adara da Ham, ga kuma Ibo da Yarabawa. Mafi yawansu Kiristoci ne, kuma da Hausa suke ciniki, da ita da yawansu ke waƙa a coci. Masu sauraron Hausa ne cikakku, kuma da harajinsu ake tafiyar da Karama FM da Supreme FM na Tarayya, da tashoshin KSMC na jiha.

Amfanin waɗannan gidaje yakan fito fili ne ranar da hankali ya tashi. A Oktoban 2018, da aka sa dokar hana fita bayan rikicin Kasuwar Magani, mutane sun kasa kunne ga rediyo don rarrabe sanarwar hukuma da jita-jita. A 2020 kuma, da korona ta rufe makarantu, ta rediyo da talabijin aka riƙa ba ɗaliban jihar darasi.

Tun da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, mai sauraro ya samu zaɓi, ga Freedom, ga Liberty, ga Nagarta. Abin da zai riƙe shi a gidan gwamnati shi ne ya ji unguwarsu a ciki: farashin masara a kasuwar Sabon Tasha, ranar allurar rigakafi, layin da ruwan sama ya cinye, da lokacin buɗe layukan waya da zai tambayi shugaban Ƙaramar Hukumar Chikun yaushe za a gyara shi.