Karen Burbul: A Yi Tunani Kafin a Shigo da Shi Zongo

Ɗan kasuwar da ɓarayi suka taɓa fasa wa sito ba ya rasa mai ba shi shawarar ya nemi babban kare. Sunan da ake yawan ambata shi ne Boerboel, wanda ake furtawa burbul. Asalinsa Afirka ta Kudu ne, inda manoma Turawa suka riƙa kiwonsa don tsaron gonaki. Namijin da ya ƙosa yakan kai kilo 70, wato ya fi buhun siminti nauyi.

Halinsa shi ne abin lura. Ba shi da yawan haushi, yana da natsuwa, kuma yana shaƙuwa da mutanen gidansu matuƙa. Amma baƙo abin tuhuma ne a wurinsa, har sai maigida ya nuna masa cewa wannan namu ne. To, a nan gizo ke saƙa. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977 aka mai da shi Agoè, zamanmu bai canja ba: ƙofa a buɗe, 'yan haya, baƙi daga Nijar da Nijeriya, yara na shiga suna fita. Yaya kare zai rarrabe ɓarawo da yaron maƙwabta da aka aiko karɓar wuta? Ko Faransa ta sa irin wannan kare cikin jerin masu haɗari a dokar 1999, Denmak kuwa ta haramta shi a 2010.

Wanda ke da gida mai katanga da fili, ya samo shi yana ɗan kwikwiyo, ya saba masa da mutane da awaki kafin ya cika wata huɗu. Ɗaure shi da sarƙa yini guda cikin rana, kamar yadda wasu ke yi wai don ya ƙara zafi, ganganci ne. Ranar da sarƙar ta tsinke, na gida zai fara kamawa.

Zafin Lome na wahalar da shi, saboda haka ya samu inuwa da ruwa koyaushe, a kuma riƙa duba kaska a kunnuwansa. A raba masa abinci sau biyu a rana, kada ya yi gudu da ƙoshi, don cikin manyan karnuka yakan murɗe. Masu siton albasa su kiyaye: albasa na lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffiya. Kwanonsa kuma ya zama daban, tunda malamai sun ce a wanke abin da ya sa baki ciki sau bakwai.

Allurar ciwon hauka dole ce, daga wata uku, a riƙa sabuntawa wurin likitan dabbobi. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti a ranar.